Yadda Ake Zaɓen Gaskit ɗin Murfin Bawul Idan Inji Ya Fara Yoyon Baƙin Mai

Cikin kayan gyaran inji, gaskit ɗin murfin bawul na daga cikin masu araha, kuma a injin silinda huɗu sauya shi ba ya wuce aikin awa ɗaya ko biyu. Duk da haka yana cikin ayyukan da aka fi maimaitawa a gareji. A sa sabo yau, kafin wata biyu mai ya sake tsatsowa, mai mota ya koma da faɗa, bakanike ya ce laifin mai shago ne, mai shago ya ce bakanike ne bai iya sawa ba. Sau da yawa dukansu biyu suna da laifi, mai motar ma yana da nasa kason, domin shi ya aika yaro kasuwa da sunan mota kawai ya ce a sayo mai sauƙin kuɗi.

Murfin bawul shi ne murfin da ke can saman inji, wanda marufin zuba baƙin mai ke jikinsa. A ƙarƙashinsa kamshaf ke juyawa yana buɗe bawuloli, mai kuma na ta fantsama ko'ina. Gaskit ɗin roba ce da aka zagaya bakin murfin da ita don man ya tsaya a ciki. Abin da ke kashe ta zafi ne. Baƙin mai a injin da ya yi ɗumi yana kaiwa wajen digiri 100, ga zafin bazara da ke haura 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ga tsayuwa a cunkoso ba iska. A hankali robar takan bushe ta ƙandare, ta daina cika gurbinta, mai ya sami hanya.

Abu ɗaya kafin mu shiga: kada a haɗa shi da tof gaskit. Wancan yana ƙasa, tsakanin kan silinda da gangar inji, shi ne wanda ake cewa ya ƙone idan mota ta yi zafi, har ruwa ya gauraya da mai. Gyaransa babban aiki ne mai tsada. Idan ka shiga shago ka ce gaskit ɗin sama kawai, ana iya miƙo maka wancan.

Mataki na ɗaya: tabbatar daga inda man ke fitowa

Mai ƙasa yake gangarawa, iskar tafiya kuma tana tura shi baya. Saboda haka wurin da ka ga ya jiƙe ba lallai nan ne bakin yoyon ba. Abin da ake nema shi ne wurin da ya fi zama can sama cikin wuraren da suka jiƙe. Ka sa a wanke injin, a bar shi ya bushe, ka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sannan ka buɗe bonet da tocila. Idan danshi ya bi layin da murfi ya haɗu da kan silinda, musamman kusurwoyi, to gaskit ɗin ne.

Alamomin da suka fi yawa su ne ƙaurin mai idan ka tsaya, ɗan hayaƙi daga ƙarƙashin bonet saboda man na ɗiga kan manifol ɗin salansa (bututun da ke kwasar hayaƙi daga inji), da kuma misin, wato inji ya riƙa rawa saboda wata silinda ba ta kama wuta. Misin ɗin yana zuwa ne idan man ya zuba cikin ramukan filogi ya jiƙa robar koyil, wato abin da ke ba filogi wuta. Zare koyil ɗaya ka duba. Idan ƙafarsa ta fito sharkaf da mai, zoben ramin filogi ya mutu.

Akwai wuraren da ke yaudarar mutane. A injin 1ZZ-FE na Corolla, ƙaramin zoben roba na abin da ke tsuke sarƙar tayimin yakan yi yoyo ta bayan inji, ɗan ƙasa da murfin, mutane su yi ta sauya gaskit a banza. A Honda, gaskit ɗin solinoyid na VTEC yakan yi haka. A tsofaffin motoci masu distiributa, zoben gindinta ma yana zubar da mai daidai gefen murfin. Kai, har robar marufin zuba mai kanta takan bushe, man ya malale saman murfi.

Mataki na biyu: san injin da ke cikin motarka

Nan ne kuskure ya fi yawa, nan kuma ya kamata ka fi ɓata lokaci. Gaskit ba ya bin sunan mota, yana bin inji. Ɗauki Camry. Ta 1997 zuwa 2001 tana zuwa da 5S-FE mai lita 2.2 ko 1MZ-FE mai silinda shida. Ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, tana da 2AZ-FE mai lita 2.4, ko 1MZ-FE, ko 3MZ-FE. Wadda ta biyo bayanta, da ake kira Muscle, ta fara da 2AZ-FE, amma 'yar Amurka daga 2010 ta koma 2AR-FE mai lita 2.5, alhali jikin motar kusan ɗaya ne; mai silinda shidanta kuma 2GR-FE ce. Wanda ya ce wa mai shago "na Camry" bai faɗi komai ba tukuna. Haka Corolla: 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 1ZZ-FE ce, daga 2009 aka koma 2ZR-FE, kuma murfinsu bai yi kama ba ko kaɗan. Wani lokaci kuma suna ya bambanta amma inji ɗaya ne, kamar Pontiac Vibe ta farko da yawancinta ke ɗauke da 1ZZ-FE na Toyota.

Hanya ta farko ta gane injin ita ce lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara. Wannan yana da amfani, domin shekarar da dillali ya faɗa maka ranar ciniki ba kullum take daidai ba. Harafin farko kuma yana nuna ƙasar da aka haɗa motar: J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Akwai kayan da lambarsu ke bambanta tsakanin haɗin Japan da na Amurka, don haka mai shagon da ya san aikinsa zai iya tambayarka.

Sai dai lambar shasi tana faɗin injin da motar ta fito da shi ne daga kamfani. Motocinmu da yawa, musamman na haya, an taɓa sauke musu inji an ɗora Beljiyam, kuma ba kullum ake samun irin na asali ba. Corolla da ta zo da 1ZZ-FE kana iya buɗewa ka tarar da 3ZZ-FE mai lita 1.6 na Turai. Don haka abin dogaro shi ne lambar da aka buga a jikin gangar injin kanta, akasari a wani ɗan shafaffen wuri kusa da inda inji ya haɗu da giya. A goge wurin da burushi da fetur, ka ɗauki hoto da waya. Ka ɗauki hoton murfin ma daga sama, yadda notuna da ramukan filogi za su fito sarai.

Idan ka sami lambar inji, lambar kayan ba ta da wuyar samu. A Toyota lambar wannan gaskit tana farawa da 11213. Misali 11213-22050 na 1ZZ-FE ne, 11213-28021 na 2AZ-FE. A Honda tana farawa da 12341. Ko lambar da ke kwalin da aka miƙo maka ba ta zo daidai harafi da harafi ba, domin kamfanoni kan sabunta lamba, farkonta zai nuna maka ko gaskit ɗin murfin bawul ne, amma ba zai nuna ko na injinka ne ba.

Mataki na uku: san abin da ya kamata ya zo cikin saitin

Roba guda ɗaya ba ita kaɗai ke tsare mai a murfin ba, kuma kowane inji da tsarinsa.

A 1ZZ-FE da 2AZ-FE zobban ramukan filogi a haɗe suke da babbar robar, ƙira ɗaya, to sayen gaskit ya wadatar. A 1MZ-FE da injin K24 na Honda Accord zobban daban suke, a cuse cikin murfin. Idan aka sauya babbar roba aka bar su, wajen inji zai bushe amma filogi su ci gaba da iyo cikin mai. Cire su yana da ɗan wahala, shi ya sa wasu bakanikai ke kawar da kai. Ka saya su, ka kuma tsaya ka ga an sa.

Sannan akwai ƙananan washa masu roba a ƙarƙashin notunan murfi, kamar a K24. Waɗannan su ke danna murfin daidai gwargwado. Idan sun lotse, ko ka ɗaure noti har ƙarshe murfin ba zai matse sabon gaskit ba. A 5S-FE manyan notuna huɗu ne a kan bututun filogi ke riƙe murfin gaba ɗaya, kowanne da robarsa a ƙarƙashi, kuma wajibi ne a sauya su tare.

Mai silinda shida yana da murfi biyu, gaskit biyu, kuma na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. A Sienna, Highlander, Camry da Lexus RX masu 1MZ-FE, 3MZ-FE ko 2GR-FE, murfin baya yana ƙarƙashin manifol ɗin iska, sai an sauke shi kafin a kai gare shi. Tunda kuɗin aikin a nan yake, ka sayi gaskit ɗin manifol ɗin sabo, kuma idan filogi uku na baya sun daɗe, ka sauya su a wannan buɗewar. Ba hikima ba ce a yi na gaba a bar na baya don ya fi wuya. Na bayan ne ma ya fi shan zafi, shi ne kuma ke ɗiga kan salansa inda ido ba ya gani.

Mataki na huɗu: irin robar

Da ido duk baƙar roba ce, amma ba ɗaya suke ba. Mafi araha ita ce naitiril, wadda a kwali ake rubuta NBR. Tana jure mai sosai amma ƙarfinta a zafi bai wuce wajen digiri 120 ba, don haka ta fi saurin ƙandarewa. Sama da ita akwai ACM mai kaiwa wajen 150, kuma irinta kamfanonin mota da yawa ke amfani da ita a wannan wuri. Silikon da FKM suna jure wajen 200. Na silikon yakan zo da launi, shuɗi ko toka ko ja, yana da laushi, yana daɗewa bai bushe ba, sai dai yana saurin yagewa idan aka ja shi da ƙarfi. Kada launi ya ruɗe ka, masu jabu ma sun iya rini.

Tsofaffin injuna masu murfin ƙarfen kwano, wanda bakinsa shafaffe ne ba kwari, su ke amfani da gaskit shimfiɗaɗɗe na ɓawon itace da aka niƙa aka gauraya da roba. Yana cike lanƙwasar murfi da kyau amma yana lotsewa, kuma idan aka matse shi da yawa sai ya fashe. Murfin alminiyam ko na filastik mai kwari a bakinsa kuwa roba ƙerarriya yake so, wadda ke zama cikin kwarin daram. Ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Ra'ayina a nan a fili yake. Idan motar za ta daɗe a hannunka, ko kuma mai silinda shida ce, ka sayi na kamfanin motar ko na sanannen maƙeri. Bambancin kuɗin bai kai na sake aikin ba.

Mataki na biyar: a bakin shago

Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kusan kowane kaya za a ce maka akwai orijina akwai mai bi masa. Ka faɗi buƙatarka dalla-dalla: "Alhaji, gaskit ɗin murfin bawul nake so, na 2AZ, wanda ya zo da zobban filogi." Ka nuna hoton. Mai shago yana jin haka ya san ba baƙo ne ya zo ba.

Bayan na kamfanin mota, akwai maƙeran da aka sani a wannan fanni: Elring da Victor Reinz na Jamus, Fel-Pro na Amurka, Ajusa na Sifen, Stone na Japan. Amma kwali ba hujja ba ne, domin sunan da ya fi karɓuwa shi aka fi kwaikwaya. Ka ce a buɗe maka ka taɓa robar.

Lanƙwasa ta sosai ka saki. Mai kyau za ta koma yadda take nan take, kuma bayan lanƙwasar ba zai nuna tsaga ko fari ba. Danna farce, alamar ta ɓace cikin daƙiƙa kaɗan. Bi gefenta da yatsa. Ƙira mai kyau santsi take, ba ragowar roba a baki, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kusurwoyinta a fito. Idan ta yi tauri kamar filastik, ko tana warin ƙonanniyar taya, ko tana bar maka baƙi a hannu, mayar. Wadda aka rataye a ƙusa ba leda, rana da ƙura na dukanta, ita ma bar ta ko da asalinta mai kyau ce. Ta riga ta fara tsufa kuma rataya tana miƙar da ita.

Gwajin da ya fi duka shi ne ka je da murfin kansa idan an riga an kwance. Sa robar cikin kwarin tun a shago. Ya kamata ta zauna ba ja ba turawa, kuma idan ka kifa murfin kada ta faɗo. Wadda ta yi gajarta za ta tsere daga kusurwa lokacin ɗaurawa, wadda ta yi tsawo kuma za ta naɗe. Idan ba za ka iya zuwa da murfi ba, ka je da tsohon gaskit don a gwada siffa da ramuka, amma ka tuna ya riga ya lotse, don haka sabon zai fi shi kauri. Ka kuma yi sharaɗin dawowa da shi idan bai shiga ba.

Gaskit ɗin Beljiyam da aka ɓanɓaro daga wani inji kuwa kada ka karɓa ko kyauta ne. Murfi na hannu yana da kyau, koyil na hannu yana iya yin aiki, amma robar da ta riga ta sha matsa da zafi ta gama nata.

Mataki na shida: duba murfin da numfashin inji

Sabon gaskit ba ya gyara murfin da ya lanƙwashe ko ya tsage. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bakinsa a duba ko haske na wucewa ta ƙasa. A murfin kwano ramukan noti kan lotsa saboda yawan matsi, sai a daidaita su da ɗan guduma a hankali. Murfin filastik, irin na wasu BMW da Volkswagen da injin EP6 na Peugeot, yakan tsage da tsufa, kuma a wasunsu bawul ɗin numfashi a cikin murfin aka gina shi. A irin waɗannan sau da yawa murfin gaba ɗaya ake sauyawa.

Wannan bawul ɗin numfashi, wanda ake rubuta PCV a kwalinsa, shi ke fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. Idan ya toshe, iskar takan nemi mafita ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. A yawancin injunan Toyota yana jikin murfin. Cire shi ka girgiza. Mai lafiya yana ƙara, wanda ya cushe shiru. Kuɗinsa kaɗan ne, ka haɗa shi cikin sayayyar. Idan kuma ka buɗe marufin mai inji na aiki ka ga hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, to ringi ne, wato zobban fistin, suka gaji, kuma babu gaskit ɗin da zai daɗe a wannan inji sai an yi babban aiki.

Mataki na bakwai: gam da ɗaurawa

Al'adar shafe gaskit da gam ciki da waje ita ce ta fi lalata wannan aiki. Ƙerarriyar roba a bushe ake sa ta. Gam yana sa ta zame daga kwari idan aka matse, kuma ragowar da ya ɓullo ta ciki yakan ɓalle, ya bi mai zuwa ƙasan inji, ya toshe rariyar famfon mai. Daga nan maganar ta wuce yoyo ta koma ta ƙonewar inji.

Inda ake buƙatarsa wurare ne ƙalilan: inda murfin tayimin ya haɗu da kan silinda, wato gaɓa biyu a irin 1ZZ-FE da 2AZ-FE, sai kusurwoyin da gaskit ke hawa kan kamshaf, da gefen toshin nan masu siffar rabin wata a tsofaffin injuna. Kowane wuri ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Ka sayi gam na inji mai jure mai, baƙi ko toka, irin ThreeBond ko Permatex. Wanda ke warin tsami ka guje shi, domin tururinsa na iya lalata sensar salansa. Gam ɗin gilashin taga ba ya cikin lissafi sam.

A yi aikin inji na sanyi. A fara hure ƙura da yashin da ke kewayen murfin, musamman da hunturu, kada su zuba kan kamshaf. Idan murfi ya like, a bubbuga shi da gudumar roba. Sukurdireba yana karce alminiyam, karcen kuma hanyar mai ce. A kankare tsohon gam tas, a goge wurin ya bushe ba maiƙo. Man da ya taru a ramukan filogi a tsane shi da tsumma kafin a kwance filogin. Robar koyil da ta kumbura saboda mai a sauya ta. Bayan sa gam a ɗora murfin cikin 'yan mintoci kafin ya fara bushewa.

Sai ɗaurin noti, wanda a nan hannu mai nauyi ke yin ɓarna. Ƙananan notunan nan masu kai lamba 10, a yawancin injuna awonsu bai wuce Nm 8 zuwa 12 ba (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), alhali notin tayar Corolla 103 ne. Cikin alminiyam suke shiga, ɗan ƙarin ƙarfi kaɗan sai haƙori ya cinye ko notin ya karye a ciki. A fara ɗaura duka da yatsu, sannan a bi su daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, zagaye biyu ko uku. Idan garejin na da sifana mai awo, ka ce a yi amfani da ita. Manyan notunan 5S-FE awonsu daban ne, ya fi haka, don haka a duba na injin.

Kada a tada motar nan take. Littafin gyaran Toyota na injuna da yawa yana cewa a ba gam awa biyu. Bayan nan a tada, a bar inji ya yi ɗumi, a bi layin murfin da tocila. Ɗan hayaƙi na mintunan farko ba abin tsoro ba ne, tsohon man da ya zuba kan manifol ne ke ƙonewa. A sake wanke injin, ka duba geji, bayan mako guda kuma ka zare koyil ɗaya ka ga ko ramin a bushe yake. Idan ka ga danshi a kusurwa guda, kada a ƙara matse noti. A buɗe a duba, akasari robar ce ta fita daga kwarinta a wurin.